Ƙudan Zuma da Abokan Zamansa

Idan ka fita bayan garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, lokacin da mangwaro yake fure, za ka ga ƙudan zuma yana bin furanni. Abincinsa shi ne ruwan fure da garin fure. A cikin hanjinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Abokan zamansa ne, ba su cutar da shi.

Garin fure yana ɗauke da sinadarai masu suna filabonoyid, waɗanda sukari yake manne da su. A shekarar 2017, masana a Jami'ar Lozan ta ƙasar Suwizalan sun nuna cewa bakteriyar nan tana cire wannan sukari ta ci. Ta haka sinadarin yake sauya kama. A ɗakin gwaji, irin wanda ya rabu da sukari yakan fi ƙarfin hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Ka san cewa wasu magungunan asibiti sun fara kasa kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa masana suke neman sababbi har a cikin ƙwari. Saboda haka, idan za a yi feshin maganin ƙwari a gonarku, ka ba da shawarar a guji lokacin fure.