2.3 Yadda Haske Ke Sa Gilashi da Bango Su Tsabtace Kansu

A wannan sashe za a yi bayani a kan sinadarin titaniyam dayoksaid, wato farin garin nan da aka daɗe ana sa wa a fenti, da yadda ake shafa shi a jikin gilashi ko bango domin su riƙa kawar da dauɗa da taimakon hasken rana. Wannan sinadari yana cikin rukunin abubuwan da ke tsaka-tsaki wajen wuce da lantarki: bai kai ƙarfe ba, amma ya fi roba.

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Jafan ne. Fujishima da Honda (1972) sun nuna cewa idan hasken ultrabayolet ya sauka a kan sinadarin, yana iya raba ruwa zuwa iskar oksijin da ta haidirojin. Dalili kuwa shi ne, hasken da tsawon zangonsa bai wuce kimanin nanomita 387 ba yakan tunkuɗe elektiron daga mazauninsa, sai ya bar gurbi. Shi elektiron ɗin yakan haɗu da oksijin, gurbin kuma ya haɗu da danshin iska, daga nan sai a sami wasu ƙwayoyi masu ƙarfin gaske da ke narka maiƙo da ƙwayoyin cuta, su mai da su ruwa da iskar kabon dayoksaid. Ana niƙe sinadarin ne zuwa ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, saboda yawan fuskar da haske zai taɓa ya ƙaru.

Bugu da ƙari, a shekarar 1997 masu bincike a Jafan sun gano cewa ruwa ba ya dunƙulewa a kan irin wannan gilashi bayan ya sha haske. Shimfiɗuwa yake yi, ya shiga ƙarƙashin dauɗar ya tafi da ita. Kamfanin Pilkington na Ingila ya fitar da gilashin Activ kasuwa a 2001, haka kuma an yi amfani da siminti mai wannan sinadari wajen ginin Cocin Jubili da aka buɗe a birnin Rum a 2003.

Sai dai fasahar tana da iyaka. Da farko, hasken ultrabayolet kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na hasken rana, shi ya sa a 2001 masana a Jafan suka gwada gauraya sinadarin da naitirojin domin ya yi aiki da hasken da ido ke gani. Na biyu, ba ya narka yashi ko ƙurar ƙasa, sai ruwan sama ya wanke su. Don haka a inda ake yin watanni ana hazo ba tare da ruwa ba, dole a riƙa watsa wa gilashin ruwa da hannu.