Kuturta Ba La'ana Ba Ce

'Yan'uwa na Kuberi, Jega, Aliero da Maiyama, Allah ya yi wa manyan jijiyoyinmu riga ta kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Idan rigar ta lalace, saƙo ba ya isa, har manomi ya taka ƙaya bai sani ba. Ɓarnar kuturta ke nan.

Tun 1873 Likita Hansen na ƙasar Norway ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Yau kuwa akwai madubi mai hasken leza, wanda ke leƙa jijiya dabba tana raye. A 2017 masana a Amurka da Ingila suka sa ƙwayar a jikin 'ya'yan kifi masu jiki garau, suka ga sojojin jinin da suka haɗiye ta su ne ke ɓata rigar.

Ashe ciwo ne, ba alhaki ba. Maganinsa kyauta ne tun 1995, ana sha wata 6 zuwa 12, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Saboda haka in mun ga tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, mu garzaya asibiti. Kada kuma mu ƙyamaci mai ciwon, gama Ubangijinmu Yesu da hannunsa ya taɓa kuturu.