Wace Ƙwaya Ce Wannan a Cikin Burodi da Sosej?

Ɗalibin da ya je karatu Jamus ko Foland, ranar da ya fara yanka baƙin burodin nan nasu mai ɗan tsami, yakan tsaya cak. Zai ga wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa, dogaye, masu ɗan lanƙwasa, kai ka ce kashin ɓera ne. Ba ƙazanta ba ce. Karawiya ce, kuma da gangan aka zuba ta, kamar yadda Turawan tsakiyar nahiyar suka saba tun kaka da kakanni.

Abin da ke rikita mutane shi ne yawancin irin waɗannan ƙwayoyi 'yan gida ɗaya ne. Karawiya, shammar, kamun, yansun da kuzbara duk dangin karas ne, shi ya sa suke kama da juna: ƙanana, da layuka a jiki daga kai zuwa gindi. Wanda ya saba shiga shagunan magungunan Musulunci a Kano ko Zariya ya san wasu daga cikin sunayen nan, sai dai ya fi saninsu a gari ko a shayi.

Ido kaɗai ba ya raba gardama, sai an haɗa da hanci. Ka ciro ƙwaya ɗaya, ka murƙushe ta da farce ko bayan cokali, ka shinshina. Shammar ta fi sauran girma, launinta kore-kore ne mai haske, kuma tana da ƙanshi mai zaƙi. Yansun ma ƙanshinsa ke nan, domin sinadari ɗaya ne, anetol, ke cikinsu su biyun, amma shi gajere ne mai ɗan ciki. Kamun miƙaƙƙe ne, ya fi karawiya haske, ƙanshinsa mai nauyi ne da ɗan ɗaci. Kuzbara ba ta da wuyar ganewa, tunda ita a mulmule take, ga ƙanshin ɓawon lemu.

Karawiya kuwa tana da wani abin mamaki. Sinadarin da ke ba ta ƙanshi, carvone, shi ne dai ke cikin wani nau'in na'a-na'a. Kayan haɗin na karawiyar da na na'a-na'ar ɗaya ne, sai dai ginin ɗaya juyin ɗayan ne, dama ta koma hagu. Wannan ɗan bambanci ya isa hancin ɗan Adam ya ji ƙanshi biyu daban.

Asalin abincin ma yana ba da haske. Sosej, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa cikin hanji, idan na Italiya ne to sau da yawa shammar ce a ciki. Yankin Toskana har yana da wani mai suna finocchiona da ya samo sunansa daga gare ta. Boerewors na Afirka ta Kudu kuzbara ce ke riƙe da shi, haka ma burodin Borodinsky na Rasha. Sujuk na Turkiyya da margaz na Arewacin Afirka sun fi jingina da kamun. A nan Musulmi yana da tambayar da ta riga ta ƙwaya: finocchiona da akasarin sosej na Italiya da Jamus naman alade ne, margaz kuma na rago ne ko na sa.

A saman burodi, baƙaƙen ƙwayoyi uku ake yawan kasa bambancewa. Habbatus sauda, wadda ake barbaɗa wa gurasar Turkiyya da ta Indiya, tana da kusurwoyi, jikinta kaushi ne ba sheƙi. Baƙin riɗi shafaffe ne mai tsini a gefe guda. Kashkash, ƙwayar furen da ake samun ofiyom daga gare shi, ita ce mafi ƙanƙanta, wajen milimita ɗaya, launinta toka-toka mai shuɗi.

A ganina, ƙwayoyi biyu ne a cikin waɗannan suka wuce batun ɗanɗano. Ta farko riɗi, wanda muke nomawa a Jigawa, Nasarawa da Binuwai muna fitarwa ƙasashen waje, muna yin kantu da shi ba tare da fargaba ba. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa ko kaɗan: maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe. A 2016 wata yarinya 'yar Birtaniya mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin Heathrow. An kwaɓa riɗin ne cikin ƙullun, ba a ganinsa, kuma takardar jikin ledar ba ta ambace shi ba. Mutuwarta ce ta sa Birtaniya ta kawo doka a Oktoban 2021, wadda ta tilasta rubuta dukan kayan haɗi a jikin abincin da aka naɗe a shago. Amurka ma daga 1 ga Janairun 2023 ta sa riɗi cikin abinci tara da dole a bayyana su. Wannan labari ya kamata ya dami masu gidajen burodinmu, waɗanda da yawansu ba sa rubuta komai a leda sai suna da lambar waya.

Ta biyu kashkash. Ita kanta ba ta sa maye, amma wajen girbi takan ɗauko ɓurɓushin mofin da kodin, har gwajin fitsari ya nuna kamar mutum ya sha ƙwaya. A 2023 ma'aikatar tsaron Amurka ta gargaɗi sojojinta su guje ta saboda haka. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa sun hana shigo da ita. Ɗan kasuwar da zai biyo ta Dubai daga Turai, ko mai niyyar Umara, ya duba guzurinsa da kyau kafin ya hau jirgi.

Idan ka ga ƙwayar da ba ka sani ba, fara da karanta jerin kayan haɗin da ke jikin leda. In babu, ka tambayi mai sayarwa kai tsaye. In kuwa kai ko ɗanka kun taɓa kumburi ko ƙaiƙayi bayan cin riɗi ko gyaɗa, kada ka ɗanɗana don gwaji. Ka ajiye abincin har sai ka tabbatar da abin da ke ciki.