Daga Betso zuwa Sukur a kan keke: Lissafin yini guda a gindin duwatsun Mandara

Jihar Adamawa ba ta da teku, amma tana da abin da ya yi kama da gaɓa. Daga Mubi zuwa Madagali, duwatsun Mandara sun miƙe a gefen gabas kamar katanga, filin noma kuma ya shimfiɗu a yamma har iyakar ganin ido. A tsakanin biyun hanyar mota ta bi. Duk wanda ya ɗaura niyyar bin wannan hanya a kan keke, daga Betso a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa zuwa tsaunin Sukur a Ƙaramar Hukumar Madagali, ya ɗauko aikin da ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya gama shi. Sai da lissafi.

Keke ba baƙo ba ne a wannan yanki. Manomi na ɗora masa buhun masara, ɗalibi na zuwa makaranta a kansa. Haramcin hawa babur da aka soma a Maiduguri a 2011 saboda tsaro, ya kuma bazu zuwa wasu sassan arewa maso gabas, ya dawo masa da martaba, sannan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara masa kasuwa. Abin da ba a saba gani ba shi ne mutum ya hau keke tun asuba don kawai ya je ya ga tarihi.

Daga cikin garin Mubi, ta Mararraba da Uba, tafiyar zuwa gindin Sukur ta doshi kilomita 100. Wanda ya tashi daga Betso ya rage wani ɓangare, domin akwai hanyar karkara da ke fitar da shi Bazza, inda zai hau babban titi. Daga nan sai Michika, sai Shuwa, sai Gulak, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Madagali, kafin a karkata gabas zuwa Mildo, inda tsaunin ke jiran matafiyi. Mahayin da ya saba, a kan keke mai ɗauke da kaya, yakan ci kilomita 12 zuwa 15 a sa'a. Idan aka haɗa da hutu, salla, cin abinci da tsayawa a shingayen jami'an tsaro, mafi yawan yinin ya tafi tun kafin a taka dutse.

A nan ne zaɓen lokaci ya zama komai. Damina ba ta yi ba: ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana cika rafuka cikin ɗan lokaci, kuma gadojin wannan hanya sun sha wuya, wasu a hannun ambaliya, wasu a hannun mayaƙan Boko Haram, kamar gadar Kudzum da aka karya a lokacin mamayar yankin. Watannin Maris da Afrilu ma ba su yi ba, domin zafi kan haura digiri 40. Abin da ya rage shi ne tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe, gari ya yi sanyi.

Sai dai hunturu na da tasa dabarar, kuma ita ce masu tsara tafiya a kan takarda suka fi mantawa. Iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa, hanyar kuwa can ta nufa. Ma'ana, mahayi zai yini yana turo iska da ƙirji. Da sassafe takan lafa, idan hantsi ya dubi ludayi sai ta taso da ƙura. Saboda haka sa'o'i uku na farko sun fi sauran yinin daraja. A watan Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe shida da kwata, ta faɗi kafin shida na yamma. Wanda bai bar gida da an idar da sallar asuba ba, ya riga ya ci bashin da zai biya da la'asar.

Kaya kuwa ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Tif biyu na ajiya, faci da gam, famfo, da ƴan sifanu, domin ƙayar aduwa da ta farar ƙaya ba su san tayar baƙo ba. A duba birki da sarƙa tun jajibiri. Ana samun masu gyaran keke a garuruwan da ke kan titi, amma tsakanin gari da gari mutum shi ne makanikin kansa. Tsohon Raleigh ko Phoenix mara giya zai kai, sai dai gwiwa za ta ba da labari. Mai giya ya fi sauƙi a wuraren hawa. Ruwa shi ne abin da ba a wasa da shi. Busasshiyar iska na shanye gumi kafin a gan shi, sai mutum ya zaci bai yi asarar ruwa ba, alhali jiki na bukatar aƙalla rabin lita a kowace sa'a. Dabino, ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun fi abinci mai nauyi amfani a hanya. Rawani ko ƙyalle na rufe hanci ya zama dole.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da batun tsaro. A watannin ƙarshe na 2014 Boko Haram ta mamaye Gulak da Michika da Bazza, a ƙarshen Oktoba kuma ta shiga Mubi ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Jama'a sun koma, kasuwanni sun cika, amma Madagali na maƙwabtaka da Gwoza da dajin Sambisa, kuma ba a daina jin labarin hare-hare a ƙauyukanta ba. Mai hankali ba ya yin wannan tafiya shi kaɗai, ba ya kuma dogara da labarin makon jiya. Yana tambayar direbobin tasha da suka biyo hanyar a ranar, ya riƙe katin shaida a kusa, ya sauka daga keke tun kafin ya isa shinge, ya kuma bar waya a aljihu, domin ɗaukar hoto kusa da sojoji neman magana ne. Idan mutanen gari suka ce a dakata, an gama magana. Kwana a Michika a ƙarasa da safe ba gazawa ba ce.

To, me ake zuwa gani da ya cancanci wannan wahala?

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne na farko a Najeriya, sai a 2005 kurmin Osun-Osogbo ya biyo baya. Ƙauyen na zaune a tsayin da ya ɗan haura mita 1,000, kuma ba a hawansa da keke. Ana barin keke a ƙasa, a bi hanyar da kakannin Sukur suka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, wadda ke ratsa gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni don tare ƙasa da ruwa. A sama akwai fadar Hidi, sarkin Sukur, wadda aka gina katangunta da duwatsu zalla, ga rumbuna, ga kuma ragowar matoyar tama. Ƙarfe ne ya ɗaukaka Sukur. Ƙarnuka da dama mutanenta na narka tama suna sayar wa maƙwabta har zuwa ƙasar Borno, sana'ar da ba ta mutu ba sai wajen 1960.

Filin da mahayi ya ratso ma yana da nasa labarin, kuma ba mai daɗi ba ne. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin abubuwan da ya aikata daga 1912 zuwa 1927, inda ya lissafa hare-haren kama bayi da ya tura kan mutanen duwatsu, har da Sukur. An buga kundin da Turanci a 1995. Yankin ya zauna ƙarƙashin Jamus, ya koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya shiga Najeriya, da sunan Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. A Disambar 2014 masu tayar da ƙayar baya suka hau tsaunin suka ƙona gidaje, har da sassan fadar. Mutanen Sukur sun dawo sun sake ɗora jinka.

Hawan kan ɗauki fiye da sa'a guda ga wanda ya huta, balle wanda ƙafafunsa suka yini a kan feda. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa shi ne a isa gindin tsaunin kafin la'asar sakaliya, a nemi jagora daga mutanen wurin, a kuma shirya masauki tun kafin a baro gida. Baƙo ba ya kutsawa fadar Hidi sai an yi masa iso, kuma akwai wuraren ibadar gargajiya da ba a taɓawa. Komawa Betso a daren ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Washegari, idan hazo bai yi kauri ba, daga saman Sukur ana hango duwatsun ƙasar Kamaru a gabas, da filin Madagali a ƙasa. Bayan an sauko an ɗauki keke, iskar da ta yini jiya tana dukan fuska, yau a baya take.