Ko Kun Sani? Ƙofofi Biyu Na Kwamfutar Ofis

Ko kun sani cewa kwamfutar tafi-da-gidanka da ma'aikaci yake ɗauka daga Sakatariyar Tarayya ta Abuja zuwa gidansa a Kubwa ko Nyanya, muddin Windows take aiki da shi kuma hukumarsa ta ɗaure ta da babbar na'urar ofis, ƙofofi biyu gare ta, kowace da mabuɗinta? Ta farko asusu ne na cikin kwamfutar kanta, wanda ikonsa bai wuce ta ba. Ta biyu kuwa asusun hukuma ne, wanda sunansa da kalmar sirrinsa suke ajiye a babbar na'ura ƙarƙashin tsarin Active Directory, da kamfanin Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000.

Abin al'ajabi a nan, wanda a ganina ya cancanci nazari, shi ne cewa ko da ma'aikaci ya yi nisa da ofis, babu intanet, babu wata alaƙa da babbar na'ura, kwamfutar takan buɗe masa da asusun hukuma, domin bisa ƙa'idarta ta asali tana riƙe da shaidar shiga guda 10 na ƙarshe, da sharaɗin ya taɓa shiga alhali tana haɗe da ofis. Amma idan tana haɗe da ofis kuma agogonta ya saɓa wa na babbar na'ura da fiye da minti 5, tsarin tantancewa na Kerberos yana iya ƙin amincewa da ita.

Wanda yake nufin asusun cikin kwamfuta kuwa, sai ya rubuta .\ kafin sunansa.