Tankin Tarwada da Lissafin Ruwa, daga Kano zuwa Gadarif

Kiwon tarwada ya daɗe da baro manyan gonaki ya shigo tsakar gida a arewacin Najeriya. A Kano da Zariya da Katsina za ka tarar da tankin roba mai lita 1,000 a gindin bango, ko tafkin tamfol da aka ɗaure a jikin ƙarafa, wani ma tsohon bahon wanka ya mayar gidan kifi. Dalilan yaɗuwar abin ba ɓoyayyu ba ne. Kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi ya yi tsada, masu gashin kifi da masu banda suna saye kullum, kuma ma'aikaci ko matar aure na iya yin sana'ar ba tare da fita ko'ina ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen samar da tarwadar kiwo, don haka 'ya'yan kifi da abincinsu suna kusa da hannu. Amma babban abin da ya ja mutane shi ne taurin ran tarwadar. Tana da wata gaɓa a saman matattarar numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, sai ta rayu a ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya. Wannan baiwar ce ta ruɗi masu kiwo, domin sun ɗauki rashin mutuwa a matsayin lafiya, suka riƙa auna tanki da girman kifin ranar da aka saye shi.

Lissafin yana da sauƙi, sai dai ba a cika yin sa ba. 'Ya'yan kifi 500 masu nauyin giram 10 kowanne kilo 5 ne gaba ɗaya, a tankin lita 1,000 da ƙyar ake ganinsu, har mai su ya ji kamar ya ƙaro. Tarwadar da ta samu abinci mai kyau kan kai kilo ɗaya cikin wata shida ko kusa da haka, wato mai tankin yana fatan tara rabin tan na kifi a ruwan da bai wuce tan ɗaya ba. Tun kafin a je nan ruwan ke gazawa. Kowane kilo na abincin kifi yana barin kimanin giram 30 na amoniya a cikin ruwa, kuma dafinta yana ƙaruwa idan zafi ya ƙaru. Alamun a bayyane suke ga mai lura: kumfa a gefen tanki, wari da sassafe, kifi tsaye cak kai sama wutsiya ƙasa, gashin baki ya gutsure, farin gyambo a jiki, abincin da aka watsa yana yawo ba mai taɓawa. Ga kuma halin tarwada na cin 'yan'uwanta. A kowane zubi akwai 'yan kaɗan da ke fin sauran saurin girma, idan babu tanki na biyu da za a ware su, su ne za su rage adadin da kansu. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin abincin kifi ya yi tashin gwauron zabi, kuma abinci ne ke cin kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin kiwo, saboda haka kifin da ya tsaya a giram 300 yana ci ba ya ƙaruwa asara ce ta kowace safiya.

Masu kare cunkoso sukan ce kifi yana girma ne daidai da gidansa. Masu kifin ado a akwatin gilashi sun fi kowa jin wannan magana, musamman game da pleco, ɗan'uwan tarwada daga Kudancin Amurka da ake saye don ya lashe gansakukar gilashi. Ana sayar da shi bai fi tsawon yatsa ba, amma nau'in da ya fi yawa a kasuwa yana kai santimita 40 zuwa 50, kuma yana buƙatar akwatin ɗaruruwan litoci. A ƙaramin akwati ko dai ya tsumbure ya mutu da wuri, ko ya fi ƙarfin wurin mai shi ya kai shi rafi ya zubar. Irin waɗanda suka tsere zuwa ruwa ne suka mamaye madatsar Infiernillo a Meziko suka karya masuntan karfasa, kuma a 2023 Bangaladesh ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi. Abin da ake kira daidaituwa da gida tsumburewa ce da gurɓataccen ruwa ya jawo.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. A Holan ana kiwon wannan tarwadar tamu da nauyin ɗaruruwan kilo a kowace lita 1,000 ta ruwa, to me zai hana a unguwannin Kano irin su Kurna ko Tudun Wada? Gaskiya ne, amma can ruwan yana zagayawa ta matatu dare da rana da wutar da ba ta ɗaukewa. Mai tankin gida ba shi da matata, abin da yake da shi kawai zubar da tsohon ruwa da zuba sabo. Ke nan girman tankinsa na ainihi shi ne yawan ruwan da zai iya canzawa a mako. Wanda ke da rijiyar burtsatse da sola yana iya cunkusawa ya tsira, wanda ke jiran 'yan ga-ruwa kuwa tankinsa ƙarami ne ko da ya cika tsakar gida.

A nan ne maganar ta shafi jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama, kuma labarin sana'o'in gida ke isowa ta waya daga 'yan'uwa a Najeriya. A ido jihar ta dace da kiwon kifi. Ita ce cibiyar dawa da riɗi ta Sudan tun da aka fara noman tarakta a yankin a shekarun 1940, tunkuzar riɗi tana shiga haɗin abincin kifi, akwai zafin da tarwada ke so, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cika garin da 'yan gudun hijira masu neman abinci da abin yi. Sai dai Gadarif gari ne mai ƙishi. Ruwan samansa na 'yan watannin damina ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci, an daɗe ana janyo na sha daga Shuwak a bakin kogin Atbara, unguwanni da yawa kuma sun dogara da ganga a amalanken jaki. Canza rabin tankin lita 1,000 yana cin jarka 25 masu lita 20, kuma idan kifi ya girma kusan kullum ake yi, lokacin bazara ma ya fi, daidai sa'ar da ruwa ya fi tsada. Wanda ya kwafi adadin Kano ya zuba a nan zai ƙare yana saya wa kifi ruwa fiye da yadda yake saya wa iyalinsa.

Don haka abin da ya fi dacewa da jihar shi ne kiwo inda ruwan yake, kusa da kogin Rahad ko tafkin da madatsun Rumela da Burdana suka tara a kan Atbara da Setit, ko a tafkin ƙasa da ake zubawa da damina a kwashe kafin ya ƙafe, tunda baƙar laka ta yankin tana riƙe ruwa. A cikin gari kuwa, mai tanki ɗaya ya zuba kifi 50 zuwa 80, ya tanadi wani mazubi na ware manya, ya juya tsohon ruwan zuwa kuɓewa da lalo a bayan gida, domin takinsa a ciki yake. Za a ce ribar kifi 60 ba ta taka kara ta karya ba. Haka ne, amma kilo 60 da aka sayar a wata na shida ya fi kifi 500 da suka koma 150 tsumburarru waɗanda dillali zai taya yadda ya ga dama.