Haɗa Hotuna da Dama Su Zama Guda ta Amfani da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Hoto yana daga cikin kayan koyarwa da suka fi saurin isar da saƙo ga ɗalibi. Sai dai ba kowane darasi ne hoto guda yake wadatarwa ba. Alal misali, malamin Hausa da zai koyar da sana'ar rini yana buƙatar ya nuna karofi, da baba da toka, da marini yana tsoma zane, da wurin shanya, sannan da mabuga. Idan ya riƙa ɗaga hotunan ɗai-ɗai, kafin ya kai na biyar ɗalibi ya mance na farko. Amma idan aka tattara su a takarda guda, ɗalibin zai ga matakan aikin a jere, ya kuma ga yadda wani yake bin wani. A nan ne sanin dabarar haɗa hotuna yake da amfani ga malami.

2.0 Asalin Dabarar

Haɗa hotuna ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. A 1857 wani mai ɗaukar hoto a Ingila, Oscar Rejlander, ya fitar da hoto guda daga hotuna kimanin talatin da ya ɗauka daban-daban, inda ya riƙa wanke kowane ɓangare a gurbinsa a kan takarda ɗaya. Aikin ya ci masa makonni. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne sauƙi da damar gyara. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta shiga kasuwa a 1990, ita kuwa GIMP ta fito a 1996. Ta farkon biyan kuɗi ake yi, ta biyun kuwa kyauta ce, kuma ta isa duk wani aiki da malami zai buƙata.

3.0 Falle: Ginshiƙin Aikin

Duk wanda ya fahimci abin da ake kira falle ya fahimci rabin aikin. A ɗauka an jera gilasai garai-garai, wani a kan wani, kowane an manna masa hoto. Wanda ya leƙa daga sama hoto ɗaya zai gani, alhali kowane gilashi zaman kansa yake yi: ana iya zare shi, ko a matsar da shi, ko a mayar da na ƙasa sama, ba tare da an taɓa sauran ba. Haka falle yake a cikin manhaja. Photoshop ba ta sami wannan tsari ba sai a 1994, a fitowarta ta uku. Kafin nan, da zarar an ɗora hoto a kan wani aka saki, ya manne ke nan, abin da ke ƙarƙashinsa ya tafi.

Ana fara aikin ne da buɗe sabon fili, a ƙayyade girmansa gwargwadon takardar da za a buga. Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi, kuma bugu mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan takardar A4 za ta ci ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Daga nan sai a shigo da hotunan, kowane a fallensa, a kuma raɗa wa kowane falle suna, kamar “karofi” ko “mabuga”, don kada a ruɗe idan sun yi yawa. Sai a daidaita girmansu a jera su.

A wannan gaɓa ce masu koyo suka fi yin ɓarna. Rage babban hoto ba ya cutar da shi sosai, amma idan aka ja ƙarami aka buɗa shi sai ya yi dishi-dishi, domin manhaja ba ta da inda za ta samo ɗigon da babu, ƙiyasi kawai take yi. Haka kuma jan hoto ta gefe ɗaya yana lalata siffarsa, a ga marini ya zama gajere kakkaura, ko karofin da yake kewayayye ya koma kamar ƙwai. Maganin wannan shi ne a ƙulle tsawo da faɗi su riƙa tafiya tare.

Idan ana son cire wani sashe na hoto, akwai magogi, amma abin da aka goge aka adana ba ya dawowa. Hanyar da ta fi ita ce amfani da shamaki, wanda yake ɓoye sashen kawai. Inda aka shafa baƙi a kan shamakin sai hoton ya ɓuya, inda aka shafa fari sai ya bayyana, toka-toka kuwa yana sa gefen wani hoto ya narke cikin wani.

Wajen adanawa, kwafi biyu ya kamata a ajiye. Na farko a tsarin manhajar kanta, wato PSD a Photoshop ko XCF a GIMP, domin shi ne yake riƙe fallayen a rarrabe. Na biyu a tsarin JPEG ko PNG don bugawa, wanda a cikinsa fallayen sun riga sun haɗe. Kafin a buga kuma, a duba rubutun da aka sa a ƙarƙashin hotunan, saboda ba kowane salon haruffa ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba. Abin kunya ne takardar darasin Hausa ta fito da ɗan akwati a inda ƙ ya kamata ya zauna.

4.0 Haɗi da Gaskiya

Haɗin hoto iri biyu ne. Akwai jerawa, inda kowa yake ganin hotuna ne daban-daban aka tara. Akwai kuma saje, inda ake ɓoye ɗinkin har mai kallo ya zaci ɗauka ɗaya ce. Na biyun ya fi wuya, domin dole hasken ya fito daga gefe guda, inuwa ta faɗa wuri guda, girman abubuwa kuma ya dace da nisansu. Shi ne kuma yake iya zama ƙarya.

A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalolin Giza na Masar kusa da juna don su shiga bangonta, ta kuwa sha suka. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta sallami mai ɗaukar hotonta, Brian Walski, bayan ya haɗa hotuna biyu na wani sojan Birtaniya da fararen hula a kusa da Basra ta Iraƙi. An gano haɗin ne da aka lura wasu mutane sun fito sau biyu a cikin hoton.

Ɗalibin firamare ba shi da idon da zai gano irin wannan, abin da malami ya nuna masa shi yake ɗauka. Idan aka ɗauko marini daga wani gari aka dasa shi a bakin karofin Ƙofar Mata a Kano, aka ce hoton wurin ne, an koya wa yaro abin da bai faru ba. Saboda haka jerawa ta fi dacewa da aji: a bar farin layi tsakanin hoto da hoto, a rubuta sunan kowane da wurin da aka ɗauke shi. Inda darasi ya tilasta yin saje, kamar nuna ganuwar gari yadda ake zaton take kafin ta zube, sai a rubuta a ƙasan takardar cewa haɗaɗɗen hoto ne.